Jan ƙarfe a gadon asibiti: gaskiyar kayan da aka ce suna kashe ƙwayoyin cuta da kansu

Tun bayan annobar korona 'yan kasuwa suka gane cewa tsoron cuta ma haja ce. Fenti, tayil, katifa, katakon yanka nama, rigar waya, har mariƙin ƙofa, yanzu ana liƙa musu takarda cewa suna kashe kashi 99.9 cikin 100 na ƙwayoyin cuta. A shagunan Bauchi ma an fara cin karo da irinsu, kuma mai shago ba ya rasa ta cewa: "Hajiya, wannan ko ba a goge shi ba da kansa yake kashe cuta." Masu neman kwangilar kayan asibiti su ma sun ɗauki waƙar, har sun ƙara mata baiti, wai irin waɗannan kaya ne za su magance ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani. Akwai gaskiya a maganar, akwai kuma ƙari mai yawa, kuma raba su ba ya yiwuwa sai an san yadda abin yake aiki.

Matsalar da ake son magancewa ba ƙarama ba ce. Wani babban bincike da mujallar likitanci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriya masu bijire wa magani, kuma matsalar tana da hannu a mutuwar kusan miliyan 4.95. Yankin da abin ya fi muni a duk duniya shi ne namu, Afirka ta Yamma, inda aka samu kusan mutum 27 cikin kowane 100,000. Kason Najeriya a wannan lissafi ya kai mutum 64,500 kai tsaye. Ƙasar ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da matsalar a 2017, na biyu kuma a 2024, lokacin da Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, yake riƙe da ma'aikatar lafiya ta tarayya. Yadda bijirewar take faruwa kuwa ba wani sirri ba ne. Duk sanda aka sha antibayotik, yakan kashe ƙwayoyin da ba su da kariya ya bar 'yan tsirarun da suka jure, su kuma su hayayyafa su cike gurbin. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a 1928, shi da bakinsa ya yi wannan gargaɗi a 1945.

To ina ruwan gado da mariƙin ƙofa a ciki? Ka tsaya a ɗakin mata na kowane babban asibiti bayan la'asar, lokacin da aka buɗe wa masu dubiya, ka zuba ido kan ƙarfen gefen gado ɗaya. Mara lafiya ta kama shi ta yunƙura ta zauna. Ƙanwarta mai jinya, wadda yanzu ta dawo daga zubar da fo, ta dafa shi ta jawo kwando daga ƙarƙashin gado. Ma'aikaciyar jinya ta jingina da shi tana gyara allurar ƙarin ruwa, ta wuce gado na gaba. Goggo ta iso daga Dass da kwanon fura, ta riƙe shi tana "Sannu, 'yata, ya jikin? Allah ya sa kaffara ne," sannan ta bi gadaje uku na kusa tana yi musu sannu, tana dafa kowanne, don ba a shiga ɗakin marasa lafiya a gaida mutum ɗaya a fita. Jikanta kuma yana lilo da ƙarfen yana tsotsar yatsa. An goge wannan ƙarfe da safe, kuma ba za a sake goge shi ba sai gobe.

Ƙwayoyin da hannayen nan suka bari ba sa mutuwa da wuri. Nau'in bakteriyar nan mai bijire wa magani da ake kira MRSA, wanda aka fara ganowa a Ingila a 1961, yana iya kwashe makonni har watanni a raye a kan busasshen abu. Haka Acinetobacter, mai addabar ɗakunan kula da masu tsananin ciwo. Farin ƙarfen nan mara tsatsa da ake yin gadaje da tiren aiki da shi an zaɓe shi ne don sauƙin wankewa da ƙyalli, amma ba ya yi wa ƙwayar cuta komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, kusan 15 sukan kamu da wata cutar da ba da ita suka zo ba, ninkin abin da ake gani a ƙasashe masu arziki, inda adadin yake 7. Daga nan tunanin ya samo asali: a yi abin da ake yawan taɓawa da wani abu da zai ci gaba da kisa tsakanin shara da shara, kamar maigadin da ke zagaya gida bayan kowa ya kwanta.

Cikin duk abubuwan da aka gwada, jan ƙarfe ne ya fi hujja mai ƙarfi, shi da 'yan uwansa na gauraye irin su tagulla. Idan bakteriya ta sauka a kansa, ɗan danshin da ke jikinta ko gumin hannun da ya kawo ta ya isa ya sa ƙarfen ya saki ƙananan ɓurɓushinsa masu ɗauke da cajin lantarki. Waɗannan su ne suke huda fatar da ta lulluɓe ƙwayar, su kutsa ciki, su haddasa wasu sinadarai masu ƙuna da ke lalata kayan aikinta, daga ƙarshe su daddatsa ƙwayar halittarta ta gado. Harin yana zuwa ta fuskoki da yawa a lokaci guda, kuma cikin mintuna ko 'yan sa'o'i. Antibayotik kuwa galibi wuri ɗaya yake nufa a jikin ƙwayar, shi ya sa sauyi ɗaya ya ishe ta ta kuɓuta. A 2008 hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi wa ɗaruruwan gaurayen jan ƙarfe rajista, ta amince a ce suna kashe fiye da kashi 99.9 na wasu bakteriya cikin sa'o'i 2, muddin jan ƙarfen da ke ciki ya kai wajen kashi 60. A farkon korona ma, a 2020, wani gwaji ya nuna ƙwayar ba ta wuce sa'o'i 4 a kan jan ƙarfe, alhali a kan roba da ƙarfe mara tsatsa tana kai kwana 3.

Daddatsa ƙwayar gadon nan shi ne ya fi shafar maganar bijirewa, kuma nan ne mutane da yawa ba su lura ba. Bakteriya ba ta gadon kariya daga uwa kawai. Tana ɗauke da wasu 'yan zobba na ƙwayar halitta da take miƙa wa maƙwabciyarta, ko da ba jinsinsu ɗaya ba, kuma a cikin zobban nan ne sau da yawa ake samun dabarar karya magani. Ƙungiyar Farfesa Bill Keevil a Jami'ar Southampton ta nuna cewa wannan musaya tana faruwa a kan ƙarfe mara tsatsa, amma a kan jan ƙarfe zobban kansu ragargajewa suke yi. Wato ƙwayar ta mutu, kuma ba ta bar wa kowa gado ba.

Duk wannan a ɗakin gwaji ne. A asibiti na gaske labarin ya kasu biyu. Cewa jan ƙarfe yana rage yawan ƙwayoyin da ke kan kaya, wannan an tabbatar sau da yawa: a asibitin Selly Oak na Birmingham an sauya kan famfo da mazaunin masai da farantin tura ƙofa, aka samu raguwar kashi 90 zuwa sama, a wani ƙaramin asibitin karkara a Afirka ta Kudu an samu kusan kashi 71. Amma ko hakan yana rage yawan mutanen da suke kamuwa? Binciken da aka fi kafa hujja da shi an buga shi a 2013, daga ɗakunan masu tsananin ciwo na asibitoci uku a Amurka. An sauya abubuwa shida kacal, ciki har da ƙarfen gefen gado, sandar rataye ruwa, teburin gado da hannun kujerar mai dubiya, aka ce kamuwa da cuta ta ragu da kashi 58. Adadin ya yi daɗin ji, sai dai masana da dama sun yi masa tankaɗe da rairaya: marasa lafiyar ba su da yawa, ma'aikata suna ganin wane ɗaki ne mai jan ƙarfe don launinsa ba ya ɓoyuwa, kuma ƙungiyar masu sana'ar jan ƙarfe tana da hannu a aikin. Da aka yi makamancinsa a asibitin yara a ƙasar Chile, an ga raguwa, amma ba ta kai yadda za a rantse ba sa'a ba ce. A ganina abin da adalci ya yarda a faɗa shi ne jan ƙarfe yana taimakawa, amma wanda ya yi maka alkawarin rage cuta da rabi ya wuce gona da iri.

Yawancin kayan da suke iso mana kasuwa kuwa ba jan ƙarfe ba ne. Roba ce ko fenti ko yadi da aka cuɗa da ɗan sinadarin azurfa, ko tutiya, ko wani maganin kashe ƙwayoyi. Azurfa tana kisa, ba musu, shi ya sa ake sa ta a man ƙuna da wasu bandeji. Amma tana buƙatar ruwa kafin ta saki ɓurɓushinta. Gwajin da kamfanoni suka fi amfani da shi don samun lambar 99.9 ya samo asali ne daga Japan, kuma ga yadda ake yinsa: a ɗiga ruwa mai ɗauke da bakteriya a kan abin, a rufe da siririyar leda don kada ya bushe, a ajiye a zafin digiri 35 da laima sama da kashi 90 cikin 100, a bar shi sa'o'i 24. Yanzu ka auna wannan da ɗakin asibiti a Azare ko Ningi a watan Janairu, lokacin da hunturu ya tsage leɓe da diddige, laimar iska ta faɗi ƙasa da kashi 20 da rana, ɗigon ruwa kuma ya bushe kafin ka juya. A 2009 an gwada ainihin wannan tambaya: a cikin laima mai yawa kayan azurfa sun yi aiki, amma da aka koma busasshiyar iska ta ɗaki, kusan babu abin da suka yi wa MRSA, jan ƙarfe kuwa ya ci gaba da kisa. A damina, a watan Agusta, wataƙila azurfar ta ɗan motsa. Amma ko a lokacin, hannu na gaba ba zai jira sa'o'i 24 kafin ya dafa gadon ba.

Akwai kuma wata dabara ta rubutu da ya kamata mai saye ya sani. Sau da yawa sinadarin da aka sa wa roba ko fenti an sa shi ne don kare kayan kansa daga wari, funfuna da canjin launi. A dokar Amurka irin wannan kaya ba shi da izinin cewa yana kare lafiyar mutum. Amma idan ya tsallako teku ya iso hannun dillali, wa zai karanta ƙananan rubutun bayan kwali? Ita kanta lambar 99.9 ba ta kai yadda take sauti ba. Idan ƙwayoyi miliyan ɗaya ne a wurin, saura 1,000, kuma bakteriya irin E. coli, in ta samu danshi da abinci, tana ninka kanta cikin kusan minti 20. Katakon yanka nama da aka bar jini da kitse a kansa, ko me aka cuɗa a robarsa, datti ya riga ya shiga tsakanin ƙwayar da sinadarin.

Abin da ya fi damuna shi ne kayan da ke sakin sinadari kaɗan-kaɗan, wanda bai isa kisa ba amma ya isa horo. Wannan shi ne ainihin yanayin da ke haifar da bijirewa. An taɓa yayin sinadarin triclosan a sabulu da man goge baki da kayan roba, har hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a sabulun wanka da na wanke hannu na gida a 2016, saboda kamfanoni sun kasa nuna ya fi sabulu da ruwa, ga kuma fargabar illa. Azurfa ma ba ta tsira ba: tun shekarun 1970 aka samu bakteriyar Salmonella mai jure mata a sashen masu ƙuna na wani asibiti a Boston, kuma zoben da ke ɗauke da wannan kariya yana ɗauke da kariyar antibayotik da dama. Ko jan ƙarfen, a gonakin aladu a Denmark inda ake zuba shi a abincin dabbobi, an samu bakteriya da juriyarsa ta zo haɗe da juriyar magunguna. Bambancin shi ne busasshen farantin jan ƙarfe yana kisa da sauri da yawan da ba ya ba da damar sabo, saɓanin ɗan ɓurɓushin da aka barbaɗa a fenti. Don haka barbaɗa azurfa a safa da labule da rigar waya, inda babu wata buƙata, yana iya ƙara wutar da aka ce an zo kashewa.

Masu bincike suna neman hanyoyin da babu sinadari a ciki sam. An kwaikwayi zanen fatar kifin shak don hana ƙwayoyi mannewa, kuma a 2012 masana a Ostireliya sun gano cewa fiffiken wani ƙwaro mai kuka yana da ƙananan tsinaye da ke yaga bakteriya. Akwai kuma shafen da sai haske ya bugi shi yake aiki. Yawancinsu ba su bar ɗakin gwaji da nisa ba, kuma ƙurar hunturu ta kwana ɗaya ta isa ta cike tsakanin tsinayen.

Mu dawo gida. Ko da an yarda jan ƙarfe ne zaɓi, akwai abubuwan da mai tsara asibiti a Bauchi zai yi tunaninsu waɗanda takwaransa na Ingila ba ya yi. Na farko tsada: farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a 2021, ya sake haurawa a 2024, kuma da dala ake sayensa. Na biyu, a ƙasar da ake kwance wayar taransifoma da dare a kai wa 'yan gwangwan, kan famfo na tagulla a banɗakin da ba mai tsaro ba lallai ya ga ƙarshen wata ba. Na uku, jan ƙarfe yana dusashewa ya yi duhu. Duhun ba ya hana shi aiki, amma ranar da aka ce babban baƙo zai kawo ziyara, wani mai kishin ƙyalli zai sa a shafe shi da fentin mai ko banish, kuma daga ranar ya zama ƙarfe kamar kowane, don dole ƙwayar ta taɓa jikinsa tsirara. Sharaɗin rajistar Amurka ma ya faɗi haka ƙarara: kada a yi masa fenti ko shafe, kuma ƙari ne a kan shara da wanke hannu, ba madadinsu ba. Idan kuma aka ce a ba maƙeran gida su narka tsofaffin kaya su ƙera, wanda tunani ne mai kyau ta fuskar sana'a, to sai an auna abin da ke cikin narkakken, domin tagullar bola takan zo da dalma, kuma bayan abin da ya sami yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar a yi mana bayanin dalma.

Sannan rabin abin da ake taɓawa a ɗakunanmu ba na asibiti ba ne. Tabarmar mai jinya, buta, bokiti, fulas, mafici, zanen da aka shimfiɗa a kan katifa, wayar da ke yawo daga hannu zuwa hannu ana "ga Baba zai yi miki sannu." Ita katifar ma, idan ledarta ta yage soso ya sha jini da fitsari, babu ƙarfen gefe da zai cece ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken wurin wanke hannu da ruwa da sabulu ko man goge hannu a inda ake duba marasa lafiya da kuma banɗaki. Jihar Bauchi, wadda ta sha fama da kwalara a 2021, kuma take cikin na gaba-gaba a zazzaɓin Lassa kusan kowace shekara, ta san darajar famfo mai zuba. Idan kuɗin da ke hannu ɗaya ne, rijiyar burtsatse mai sola, tankin ruwa, sabulu, bilic da albashin masu shara a kan kari sun fi mariƙin ƙofa na jan ƙarfe nesa ba kusa ba. Masu sharar nan, waɗanda galibi ba a koya musu yadda ake haɗa bilic da ruwa ba kuma ba a kiransu taron bita, su ne suke riƙe da mafi yawan wannan aiki.

Kuma ko an lulluɓe asibiti gaba ɗaya da jan ƙarfe, tushen bijirewa yana waje. Yana kemis ɗin unguwa, inda uba zai ce "Malam, yaron nan zawo yake, a ba ni Flagyl da kafso ja da rawaya na ɗari uku," a ƙirga masa guda huɗu a ƙulla a leda. Yana wurin mai mura da ke shan Ampiclox, alhali mura bairos ce, antibayotik ba ya taɓa ta. Yana gidan kaji, inda ake zuba magani a ruwan sha tun ranar da aka kawo 'yan tsaki, a sayar da ƙwai ba a jira maganin ya fita ba. Ga jabun magani mai rabin ƙarfi a gefe. Abin da kayan asibiti za su iya yi shi ne rage yawan waɗanda suke kamuwa, don duk cutar da ba a kamu da ita ba kwalbar allura ce da ba a buɗe ba. Gudummawa ce ta gaske, amma ƙarama.

Inda nake ganin kuɗin zai biya shi ne wurare ƙalilan masu haɗari: ɗakin jarirai bakwaini, ɗakin masu tsananin ciwo, sashen masu ƙuna, ɗakin wankin ƙoda. A can ma ba bango da rufi ba, sai abubuwan da hannu ya fi sauka: ƙarfen gado, sandar ruwa, kan famfo, hannun keken magani. Manyan asibitocin koyarwa na Bauchi da Azare da Gombe suna da ɗakunan gwajin ƙwayoyin cuta da ɗaliban da ke neman abin bincike, don haka ba sai an dogara da takardar kamfani ba. A sauya kayan ɗaki ɗaya a bar na kusa da shi, a riƙa dangwalo samfur daga gadajen biyu, sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya a zafin Afrilu, sau ɗaya a damina, a ƙirga kuma waɗanda suka kamu. Dillalin da ya zo da fenti ko roba kuma a yi masa tambayoyin da za su raba shi da waƙa: wane sinadari ne a ciki kuma nawa, a jiƙe aka yi gwajin ko a bushe, cikin minti nawa yake kisa, a kan waɗanne ƙwayoyi, kuma bayan an goge shi da bilic kullum na shekara guda me ya rage. In ya ce zai tambayo ofishinsu na Legas, sai a ajiye takardar kwangilar har ya dawo da amsa a rubuce.